Tsohon da Ya Koya Mini Hausa Ta Bayan Zana

Ranar da aka kai surukina makwancinsa ban yi kuka ba, ba kuma wanda ya ga laifina, don ba wanda ya sa ran zan yi. Matar ɗa ce ni, aikina a irin wannan rana hura wuta ne da cika tuluna. Na cika su, na hura wutar, na tuƙa tuwo tukunya uku, hannuwana na aiki kamar na aro.

Gidan ya cika har bakin zaure. Tsofaffin fataken da suka yi tafiyar Gwanja tare da shi sun zo da sandunansu, suka zauna a inuwa suna tuna rafukan da suka ƙetare da jakuna, wani ya faɗi sunan rafi, wani ya ce ba shi ba ne. Wani Bafulatani daga rugar bayan ganuwa ya tsugunna gaban mijina ya ce, “Duk shekarun da tsohon nan ya yi yana yi mana tafinta da manoma, abin da na faɗa shi yake kai musu, bai taɓa ƙara gishiri ba.” Limamin unguwa, wanda suka tsufa suna musu da juna, ya yi addu'a, da aka shafa sai ya ce a hankali, kamar mai kai ƙara, “To yanzu wa zai riƙa ƙaryata ni?” Gwaggon mijina, ƙanwar mamacin, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Uwar mijina tana ɗakinta a lulluɓe, ana shiga ana fita, tana amsa gaisuwa da kai.

Matan da suka fito daga wajenta sukan biyo ta madafa su ce mini sannu da aiki. Ba wadda ta ce mini ya haƙuri. Wata maƙwabciyarmu ma cewa ta yi, “Ke kam da sauƙi, suruki ne, ko magana ba ta taɓa haɗa ku ba.” Na ce haka ne. Wata baƙuwa da ta zo daga Zazzau ta saurare ni ina raba wa mata aiki, ta tambaye ni a wace unguwa aka haife ni a can. Na ce ni Bagwariya ce, a cikin daji aka yanke cibiyata. Ta riƙe baki ta ce, “To wa ya koya miki Hausa haka?” Na ce jaki. Ta ɗauka baƙar magana na yi mata, ta ja zanenta ta tafi.

Gaskiya na gaya mata, rabinta dai. Kowa ya faɗi abin da ya sani game da tsohon nan, fataucinsa da amanarsa da harsuna biyar da ke bakinsa. Abin da ni na sani ba mai faɗarsa sai ni, in kuwa na yi shiru an binne shi tare da shi ke nan.

Ƙauyenmu yana cikin kurmi, yinin tafiya guda daga Birnin Gwari. Mijina yakan zo sayen zuma da man kaɗe wajen ubana, a nan muka ga juna, muka so juna da hannu da ido, don Gwarancinsa bai fi na ciniki ba, Hausata kuwa ba ta kai nasa Gwarancin ba. Da aka kawo ni amarya cikin birnin na tarar ban iya komai ba a idon matan gari. Na ɗauki tulu a kafaɗa yadda muke yi a gida, aka yi dariya. Na buɗe baki a bakin rijiya, aka yi wadda ta fi ta farko. Sai na koyi rufe bakin. Wata uku na yi ba na magana da kowa in ba dole ba, sai da turmina. Shi kaɗai nake gaya wa abin da ke raina da 'yar Hausar da nake tsinta, don shi ba ya dariya.

Wurin dakanmu yana jikin wata zana, bayan zanar kuma turakar surukina ce, da turken baƙin jakinsa da yake kira Duna, wanda ya rage masa daga zamanin fatauci. Kowa ya san yadda surukuta take. Ba na kiran sunansa, ba na cin abinci inda zai gan ni, in na ji gyaran muryarsa a zaure sai in shige ɗaki. In muka yi kiciɓis in durƙusa in kau da kai, shi ma ya kau da nasa ya wuce. Muryarsa na sani, da ƙafafunsa, da gefen rigarsa.

Wata safiya na shanya kaya na dawo gindin turmi na ce, “Turmi, na gama in wanke, saura kai.” Sai na ji murya daga bayan zana, ba da ƙarfi ba, kamar mai lallashin dabba.

“Duna, kai da ka je Gwanja ka dawo, ai ka sani. Na gama wanki, haka ake cewa. Na gama wanki.”

Taɓarya ta kusa suɓuce mini. Na gudu ɗaki na rufe fuska, na yini ina jin kamar an gan ni tsirara. Washegari na yi daka bakina a ɗinke. Rana ta uku dai na ga shirun ya fi dariyar ciwo, na tattara ƙarfin hali na ce, “Turmi, na gama wanki.” Ba abin da ya fito daga bayan zana sai ƙarar jaki yana tauna kara. A ranar na gane ƙa'idar makarantar da na shiga: in an yi shiru, na faɗa daidai.

Haka muka yi shekara bakwai. Ni in yi wa turmi magana, shi ya yi wa jaki, ba wanda ya karya surukuta. Uwar mijina ta gane tun da wuri, ta ce da ni, “Ke da tsohon nan za ku haukata dabbar mutane.” Amma ita ce ta hana a matsar da turmin daga jikin zanar lokacin da aka so gina rumbu a wurin.

Inda na fi shan wahala shi ne abin da ke bin bayan kalmomi irin su gama da daina. Na ce na daina in je rijiya, ya gaya wa Duna na daina zuwa ake cewa. Na ce ban taɓa in ga raƙumi ba, ya ce ban taɓa ganin raƙumi ba. Da na ga kullum wannan “in” ɗin ake cire mini, sai na yi wayo na kore shi daga bakina gaba ɗaya, na ce, “Turmi, na ce wa mai itace zuwa gobe.” Tsoho ya yi dariya har da tari, ya ce, “Duna, an gudu daga rami an faɗa rijiya. Na ce masa ya zo gobe.” Ran nan haushi ya kama ni, na buga taɓarya na ce, “Turmi, kai ka gaya mini dalili. Can an ce a cire, nan an ce a sa.”

Na ji yana ɓare goro. Can ya ce, “Duna, ka tuna masaukanmu a hanya? Akwai maigidan da sai ka sauke kaya a waje yake barinka ka shiga, akwai wanda da kayanka za ka shiga. Mun taɓa tambayarsu dalili? Halin kowa muka riƙe. Fara da gama da daina da taɓa 'yan gida ɗaya ne, ba sa saukar da ‘in’. So kuwa ɗan kasuwa ne, kowa ya zo nasa ne. Ina son tafiya, ina so in tafi, duk ya karɓa.” Ya tauna goronsa ya ƙara da cewa, “Sai dai mai son tafiya yana iya tsufa a zaune. Mai so ya tafi, wannan ya riga ya ɗaura takalmi.”

A kan irin wannan ne suke faɗa da liman. Liman ya ce nahawu na Larabci ne kaɗai, Hausa ai magana ce kawai, kowa da yadda ya ga dama. Surukina ya ce to ya tashi ranar Juma'a ya ce wa jama'a “na gama in yi huɗuba” ya ga ko ba za a nemo masa mai magani ba. Suka yi kwana uku ba sa gaisawa, ran na huɗu liman ya aiko masa da ƙwan zabi.

Surukina yana da halayen da suka sa zama da shi sai mai haƙuri. Ba ya iya jin magana a karkace ya bar ta ta wuce, ko ta mai talla ce, ko ta maroƙi. Uwar mijina ta ce ran da aka kai ta gidansa, tana cikin kukan amarci ya gyara mata kalma. Goro ɗaya yake rabawa huɗu ya ci yini guda, amma in baƙo ya sauka sai ya ba shi guda cur. Ba ya yabo. Abin da ya fi kusa da yabo da na taɓa samu shi ne ranar da na yi wa mai kifi ciniki ta kan danga, na kashe masa baki, na ji tsoho ya ce, “Duna, ka ji ko? Mu koma gefe.”

Akwai ranar da na dawo daga rijiya ina kuka, wata ta kwaikwayi maganata gaban mutane. Ban ce wa turmi komai ba, daka kawai nake yi ina jan hanci. Sai ya fara ba jakin labari, yadda ya isa kasuwar Gwanja karo na farko, da gemunsa, ya buɗe baki da harshen mutanen wurin, matan kasuwa suka taru suna kiran 'yan'uwansu su zo su ji. Ya ce, “Na koma bayan kaya na yi hawaye, Duna, ubanka shaida ne. Da safe na koma wajen wadda ta fi kowa dariya na ce ta sake faɗa mini yadda ake cewa.” A cikin labarin nan ne ya ambaci cewa ya yi damina biyu a ƙauyukan Gwari yana jinyar ƙafa. Ashe yana jin harshenmu sarai. Duk zagin da na yi wa matan rijiya da Gwaranci a gindin turmin nan ya shiga kunnensa, bai taɓa nunawa ba, bai kuma taɓa yi mini kalma ɗaya da shi ba.

Sai shekarar da hanyar kurmi ta lalace da mahara. Ba mai fita ganuwa sai cikin ayari, ni kuwa ga goyo, na yi shekara biyu ban je gida ba. Wata rana da hantsi yayana ya shigo, ƙafafunsa duk ƙaya, ya ce uwarmu ta rasu, an binne ta kwana uku da suka wuce, ta yi ta tambayata. Ina tsaye a gindin turmi. Uwar mijina ta riƙe ni, ni kuwa Hausar shekara bakwai ta zube daga bakina, na koma yadda na zo. Ina ta maimaitawa, “Inna, ban taɓa in koma ba, tun da na haihu ban taɓa in koma ba.”

Daidai lokacin tsoho ya shigo turakarsa daga gona. Bai ga yayana ba, bai ji farkon maganar ba, wutsiyarta kawai ya kama. Na ji ya ajiye fartanya ya ce, da muryar nan tasa ta kullum, har da ɗan wasa a ciki, “Duna, yau kuma an koma baya. Ban taɓa komawa ba.”

Ban san lokacin da na zagaya zanar ba. Kaina ba ɗankwali, na tsaya a gabansa na dube shi cikin ido. A ranar na fara ganin fuskarsa sosai, ashe yana da tabo a gira. Na ce, “Uwata ta mutu, Baba. Gyara wannan ma.”

Bakinsa ya ɗan buɗe, ya dubi ƙasa, ya juya ya shiga ɗaki ya saki asabari. Washegari ya nemo ayarin da zai bi ta kusa da ƙauyenmu, ya sa mijina ya raka ni, ya aiko da ƙwaryar goro da turmin zane a kai wa ubana, ya ba da Duna in hau. Duk ta bakin uwar mijina aka yi wannan.

Da na dawo, bayan zana ya yi tsit. Yana nan, ina jin tarinsa, ina jin yana zuba wa jaki dusa, amma ba ya ce masa komai. Da fari ban damu ba, zuciyata na wajen uwata. Da hankalina ya dawo sai abin da na yi ya tsaya mini a rai. Na keta surukuta, na tsaya gaban uban mijina kai a buɗe na yi masa tsawa, mutumin da ya sa mini harshe a baki. Na tabbata fushi yake yi, kuma yana da gaskiya. Hanyar ba shi haƙuri kuwa babu, don ba na iya zuwa gabansa sai in sake yin laifin da nake neman gafararsa. Na roƙi mijina ya kai maganar, ya ce shi ba ya iya tayar wa ubansa da zancen matarsa, abin kunya ne. Na roƙi uwar mijina, ta dawo ta ce ya ce ba komai. Ba komai ɗin nan na san shi, shi ake ce wa wanda ya taka maka ƙafa a kasuwa.

Sai na shiga yin kuskure da gangan. Na gama in share. Na fara in dafa. Na jera su gaban turmi kamar mai watsa wa kaji tsaba, ina kasa kunne. Shiru. A da shirun nan lada ne, yanzu ya zama ƙofa a rufe. Damina biyu muka yi a haka, har na daina, na koma daka ba magana.

A ƙarshen damina ta biyu ƙafafunsa suka kumbura, ya kwanta. Da aka ga jikin ba na tashi ba ne, aka shiga neman yafiya yadda aka saba. 'Ya'yansa suka shiga ɗaya bayan ɗaya, ƙanwarsa ta shiga, liman ya shiga ya daɗe. Mu matan 'ya'ya aiko mana ake yi da baki. Uwar mijina ta fito ta ce mana, “Ya ce ya yafe wa kowa, ku ma ku yafe masa.” Sauran suka ce sun yafe, suka koma aikinsu. Ni na tsaya da kalmar nan kowa a hannuna. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba, cewa zai tafi ban san ko ina cikin kowan ba.

Kwana biyu kafin rasuwarsa ya ce a fitar da shi ya sha hantsi. Aka shimfiɗa masa buzu kusa da turken jaki, aka jingina shi da bango, aka bar shi. Ina jin numfashinsa ta cikin zana, yana fita da ƙyar. Na zuba gero a turmi, na ɗaga taɓarya, na kasa saukewa. Na jingina ta. Abin da zan faɗa na san yadda ake faɗarsa daidai, na kuma san in na faɗa daidai shiru zan samu, ba zan taɓa sanin wane irin shiru ba ne. Don haka na karkatar da shi.

Na ce, “Turmi, ban daina in ji kunyar abin da na yi ba.”

Jaki ya kaɗa kunne, na ji ƙarar. Wata kaza ta wuce. Na ƙirga numfashinsa har na ɓata lissafi, na kai hannu zan ɗauki taɓarya.

“Duna.” Muryar ta zama siririya, sai da na manna kunne da zana. “Ban daina jin kunyar abin da na yi ba. Haka ake cewa.” Ya huta. “Ni na san yadda ake faɗarta, Duna. Shekara biyu ke nan kullum ina faɗa.”

Na zauna a ƙasa. Ashe duk wannan lokaci shi yana can yana ganin shi ne mai laifi, bakin da ya gyara wa marainiya kuka bai cancanci ya sake gyara mata komai ba, ni ina nan ina ganin ni ce. Zana ɗaya ce tsakaninmu, wadda akuya ke iya ketawa.

Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba. Bai kira jaki ba. Da Gwaranci, irin na tsofaffin ƙauyenmu, ya yi mini gaisuwar mutuwar uwata, tun daga farko har ƙarshe, yadda ake yi a gidanmu, ya kira ni 'yarsa. Akwai kalma ɗaya da ya karkatar. Na amsa masa yadda ake amsawa, ban gyara ba.

Ya cika ranar Laraba bayan la'asar, mijina na riƙe da kansa. Allah ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya sa kabarinsa ya yi masa faɗi, ya saukar da shi masaukin da ba a sauke kaya a waje. Allah ya ba uwar mijina haƙurin zama ba mai gyara mata zance.

An yi sadakar bakwai, baƙi sun watse. Da aka zo rabon abin da ya bari, an so a sayar da jakin tun da ya tsufa ba ya aiki, na ce wa mijina a bar shi a turkensa, ni zan riƙa ba shi dusa. Bai tambaye ni dalili ba. Har yau hawayen bai zo ba. Ina ci, ina sha, ina goya ɗana, ina jin kaina kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta.

Jiya da hantsi na kammala aikina a gindin turmi, na kakkaɓe zane, na ce, “Turmi, na gama daka.” Aka yi shiru, na ji daɗi kaɗan, kamar dā. Sai na tsaya. Na matsa jikin zana na ce, “Na gama in daka.” Duna ya ɗaga kai ya juya kunnuwansa wajen ƙofar turaka, ya jira. Ni ma na jira.